Dillalin Na'ura Ya Doshi Kasuwar Adjamé: Wa Zai Tsaya Masa Lamuni?

Duk ɗan kasuwar da ke saro kaya daga birnin Abijan na ƙasar Kodebuwa ya san cewa a 'yan shekarun nan tafiyar ta ragu, waya ce ta karɓi aikin ƙafa. Tun daga juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga watan Yulin 2023 da rufe iyakokin da ya biyo baya, wanda a ɓangaren Nijeriya sai a watan Maris na 2024 aka buɗe, ga kuma rashin tsaro a hanyar Torodi da Kantchari da ke ratsa Burkina Faso, Alhazawa da dama daga Maraɗi da Ƙonni da Illela da Jibiya sun haƙura da zuwa da kansu. Abin da ake yi yanzu shi ne a kira yaron gida a Adjamé ta WhatsApp, ya ɗaga wayarsa ya haska atamfa ko shadda ko kwalin wayoyi, a yi ciniki, a tura kuɗi, a jira mota. Alhaji ya ga fuskar yaronsa, ya ji muryarsa, ya ga kayan da idonsa, sai hankalinsa ya kwanta, domin dai gani ya kori ji.

To, wannan ganin ne manyan kamfanonin fasaha na duniya suka sa wa hannu, shi ya sa na ga ya dace mu tattauna batun tun kafin ya iske mu a rumfa.

Abin da suke ginawa a sauƙaƙe shi ne mutumin da babu shi, amma ka gan shi tsaye a gabanka. Fasaha biyu aka haɗa. Ta farko ita ce ta ɗora hoto a kan zahiri, wadda Turawa ke taƙaita sunanta da AR. Ka ɗaga wayarka ka haska tsakar shagonka, sai wayar ta nuna maka shagon kamar yadda yake, amma da ƙarin wani abu da babu shi a wurin. Yadda take yi kuwa, kyamarar wayar na lura da wasu alamomi a ƙasa da bango, kamar kusurwar tebur ko tsagar siminti, tana haɗa su da abin da na'urar jin motsi da ke cikin wayar ke gaya mata, sai ta gane inda ƙasa take da nisan bango, ta kafa hoton a wuri guda, ko ka zagaya yana nan inda aka ajiye shi. Wannan ba sabon abu ba ne. A shekarar 2016 wasan Pokémon Go ya sa matasa a Amurka da Turai suna yawo a titi suna farautar dabbobin da ba a gani sai ta waya, a 2017 kuma kamfanin kayan ɗaki na IKEA ya fito da manhajar da mutum zai gwada kujera a ɗakinsa kafin ya saya. Kunnen kare da rawanin fure da yaranmu ke ɗora wa fuskarsu a Snapchat da TikTok ma duk dangin abin ne.

Ta biyu ita ce ƙirƙirarriyar basira irin ta ChatGPT da ya fito a watan Nuwamban 2022, wato na'urar da aka ɗura wa rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa har ta iya harhaɗa amsa kamar mutum. Idan aka ba ta kunnen da ke mayar da magana rubutu, da bakin da ke mayar da rubutu murya, da jikin zane mai motsa leɓe daidai da furuci, sannan aka tsayar da ita a tsakar shago ta hanyar waccan fasaha ta farko, to an samu dillalin da ba ya cin abinci, ba ya barci, ba ya neman kuɗin mota. Zai gaishe ka, ya nuna maka kaya, ya faɗi farashi, ya amsa tambaya.

Kada mai karatu ya ɗauka tatsuniya ce. A ƙasar Sin an riga an fara ciniki da irin waɗannan mutanen na'ura, duk da cewa a allon waya suke tsayawa ba a tsakar shago ba. A watan Afrilun 2024 kamfanin JD.com ya fito da kwaikwayon mai kamfanin, Liu Qiangdong, yana tallar kaya kai tsaye. A watan Yunin 2025 kuma kwaikwayon wani sanannen mai talla, Luo Yonghao, ya yi sama da awa 6 yana talla a dandalin kamfanin Baidu, inda aka sayar da kayan da suka haura yuwan miliyan 55, wato sama da dalar Amurka miliyan 7. Mu tuna cewa wayoyin Tecno da Infinix da itel da suka cika teburan Black Market na Adjamé daga kamfani guda suke, Transsion na birnin Shenzhen, kuma abin da ya karɓu a kasuwar Sin ba ya daɗewa bai biyo kwantena ba. Gaɓoɓin wannan dillali ma sun riga sun iso hannunmu ɗaya bayan ɗaya: Meta AI ya shiga WhatsApp a Nijeriya a watan Afrilun 2024, manhajar fassara ta Google tana da Hausa tun 2013, sannan a watan Yunin 2024 ta ƙara harshen Jula da na Bawule, waɗanda duk mai shiga kasuwannin Abijan ya san muhimmancinsu. Haɗa su wuri guda ne ya rage.

Ba zan ɓoye ba, akwai amfani a ciki, kuma mai yawa. Baƙon da ya sauka tashar Adjamé daga Dakwaro ko Maigatari ba ya jin Faransanci, ba ya jin Julanci, balle Nushi, wato yaren titi na samarin Abijan, ya san irin wahalar da ake sha da irin kuɗin da ke zubewa tsakanin tafinta da ɗan rakiya. Idan wayarsa za ta karanta masa takardar kwastan, ta fassara masa maganar mai shago, ta zana masa kibiya a kan titi ta kai shi inda zai je, wannan alheri ne. Mai sayar da atamfa a Treichville kuma zai iya nuna wa Hajiya da ke Katsina yadda zanen zai zauna a jikinta kafin a yanka. Mai albasa 'yar Galmi zai iya tambayar farashin yau a kasuwar Gouro ba tare da ya tashi kowa daga barci ba. Wanda ya ce a guje wa wannan baki ɗaya bai yi wa 'yan kasuwa adalci ba.

Sai dai kasuwa ba ɗakin gwaji ba ce. Ita waccan fasaha ta ɗora hoto tana son wuri mai haske, mai alamomin da ba sa motsi. Treichville za ta fi yi mata sauƙi, domin tun zamanin Faransawa aka yanka unguwar layi-layi, kowane titi da lambarsa, wanda ya ce maka Rue 12 ko Avenue 16 ya gama kwatance. Adjamé kuwa wata duniya ce. Daga babban titin Nangui Abrogoua zuwa Forum da lungunan da ke bayansa, jama'a ne ke tafe kafaɗa da kafaɗa, motocin gbaka na kutsawa, lema a kan lema, teburin da ke nan da safe da yamma ya koma can. A irin wannan wuri wayar kan rasa ƙasar da za ta kafa hotonta, sai ka ga mutumin na'urar yana shawagi ko ya shige cikin buhu. Bugu da ƙari taswirar da aka ɗauka bara ba lallai ta yi aiki bana ba, musamman ganin rushe-rushen da hukumar birnin Abijan ta yi a 2024 a ƙarƙashin Gwamna Ibrahim Cissé Bacongo, wanda ya taɓa Boribana da Gesco da ƙauyen Adjamé, tare da dokar hana talla a manyan tituna da hana tura amalanke da aka sanar a watan Afrilun shekarar. Ga batun tsada: wayoyi masu araha da yawa ba sa ɗaukar wannan aiki, tabaran da aka yi dominsa kuwa ba na talaka ba ne, na kamfanin Apple da ya fito a watan Fabrairun 2024 dala 3,499 aka sa masa.

Akwai kuma wani abu ƙarami da nake ganin zai fi kowane ɓata ciniki, wato lissafin kuɗi. Bahaushen Nijar da dala yake ƙirga sefa, dala ɗaya faran 5 ke nan. Idan ya ce ɗari, faran 500 yake nufi, idan ya ce ɗari biyu, jikka guda ke nan, faran 1,000. Bajule ma haka yake ƙirgawa da nasa dorome. Yaron Abijan ya ce maka togo, faran 100 yake nufi, ba ƙasar Togo ba. Bakano kuma ya ce ɗari, naira 100 yake nufi babu ragi babu ƙari. Na'urar da ta koyi Hausa daga jaridu da littattafai za ta fassara ɗari da 100 cikin murya mai daɗi da cikakkiyar natsuwa, ba tare da ta san ta rage kuɗin kashi biyar ba. Tsohon dillali kuwa daga jin karin harshenka ya san wace ɗari kake nufi. Ita na'urar babban aibinta shi ne ba ta jin kunya, ba ta in-ina idan ta yi kuskure. Yadda take faɗin gaskiya haka take faɗin shirme.

Ban da haka, ido kaɗai take yi wa aiki. Shadda kuwa da hannu ake saninta, a murza a ji nauyi, a shinshina, a ji ƙararta. Atamfar Uniwax da ake bugawa a Yopougon da kwaikwayonta da ake shigowa da shi daga Asiya, a hoto tagwaye ne. Goron Anyama kuma sai an buɗe huhu an tona ƙasa an fasa an ga ko akwai sankara. Hoton da na'ura ta zana ma ya fi na kyamara haɗari, domin shi ba ya nuna dilar da za a ɗora maka a mota, yana nuna yadda ya kamata a ce kayan suke ne.

Amma duk waɗannan masu gyaruwa ne, injiniyoyi za su yi ta rage su shekara bayan shekara. Abin da ban ga yadda za su gyara ba shi ne lamuni.

Mu koma baya kaɗan. Me ya sa fataucin Hausawa ya kai Gwanja da Kumasi da Ibadan da Abijan tun babu banki babu waya? Saboda tsarin mai gida ne. Baƙo ya sauka a gidansa, ya ci ya sha, ya ajiye kayansa da kuɗinsa, mai gida ya haɗa shi da dillali, idan an ba da kaya bashi shi ne ke tsayawa. Wani Bature masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya kuma wallafa littafi a 1969 inda ya nuna cewa cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu kacokan a kan wannan amana ya tsaya: mai shanu yana ba mahaucin da bai sani ba bashi ne saboda mai gidansa ya lamunce, idan mahauci ya gudu mai gida ne zai biya. La'adar da ake ba dillali ba kuɗin surutu ba ce, kuɗin ɗaukar nauyi ce. Yana da gida, yana da iyali, yana da sahun da yake tsayawa a masallaci, akwai sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa da za a kai ƙararsa gabansu, kuma ya san in sunansa ya ɓaci sau ɗaya labari zai riga shi isa Maraɗi. Har gobe wannan ne ke riƙe da cinikin da ake yi tsakanin Adjamé da kasuwanninmu na kan iyaka, wayar ƙari ce kawai.

Shi dillalin na'ura ina gidansa? Idan ya ce maka kwali 40 ne aka tarar 34, wa za a kama? An riga an fara wannan shari'a a wata ƙasa. A watan Fabrairun 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a lardin British Columbia na Kanada ta saurari ƙarar wani fasinja da na'urar amsa tambayoyi ta kamfanin jirgin Air Canada ta yi wa bayanin ƙarya a kan ragin kuɗin tikiti. Kamfanin ya nemi ya zame, yana nuna cewa na'urar ita ke da alhakin maganarta. Kotun ta yi watsi da wannan, ta ce abin da na'urarka ta faɗa kai ka faɗa, ta sa ya biya. Hukunci ne mai kyau, amma a lura, can akwai kamfani sananne mai ofis, da kotu a kusa, da fasinja mai iya rubuta ƙara. Ɗan kasuwar Illela da ya yi ciniki da na'urar wani shagon Adjamé, wadda wani kamfani a Sin ko Dubai ya ƙera, a wace kotu zai tsaya, da wane harshe, da kuɗin wace mota?

Sannan a tambaya, wa dillalin yake yi wa aiki? Dillalin mutum kowa ya san inda yake cin la'adarsa. Na na'ura kuwa kyauta za a ba ka shi, kuma wanda ya biya kuɗin ƙera shi ne zai zaɓi shagon da kibiyar za ta nuna. Babban ɗan kasuwa mai iya biyan talla zai fito a gaba, mai ƙaramin tebur a bayan Forum ya ɓace daga taswira ko da kayansa sun fi kyau. Duk tambayar da ka yi masa kuma, me kake nema, nawa za ka iya biya, yaushe kake saro kaya, tana tafiya rumbun wani. Sirrin da Alhaji ba ya gaya wa maƙwabcin rumfarsa sai ya miƙa shi ga wanda bai taɓa gani ba.

Babban abin da ya fi tayar mini da hankali dai shi ne wanda ba sai an jira shekaru ba. Fasahar da ke ƙera mutumin da babu shi ita ce ke iya ƙera mutumin da ka sani. A farkon 2024 'yan sandan Hong Kong suka bayyana yadda aka kira wani ma'aikacin kamfanin injiniyoyi na Ingila mai suna Arup taron bidiyo, ya ga shugaban sashen kuɗi da abokan aikinsa, ya ji muryoyinsu, ya tura kimanin dalar Amurka miliyan 25 a tashi 15. Duk waɗanda ya gani a taron na bogi ne. Shi ma gani ne ya kori ji a wurinsa. Game da murya kuwa, kamfanin OpenAI ya sanar a watan Maris na 2024 cewa daƙiƙa 15 na maganar mutum sun isa na'urarsa ta kwaikwaye shi. To mu da yawancin cinikinmu da saƙon murya muke yi saboda ba kowa ke rubutun boko ba, kowane Alhaji yana da awoyi na muryarsa a wayoyin mutane. Ni da nake magana a rediyo kullum ma ban tsira ba, duk mai so zai iya naɗar muryata ya sa ta yi tallar abin da ban sani ba.

Kuma Abijan ba baƙuwar wannan sana'a ba ce. 'Yan damfarar intanet da ake kira burutar a can sun yi sunan da ya sa gwamnati ta kafa rundunar yaƙi da laifukan intanet ta PLCC a 2011, ta kuma yi doka ta musamman a watan Yunin 2013. A Nijeriya ma ba a manta da CBEX ba, wanda ya ruɗi jama'a da cewa ƙirƙirarriyar basira ce ke juya musu kuɗi, ya rufe a watan Afrilun 2025 da dukiyar mutane. A da ɗan damfara sai ya koyi Hausa, ya san sunan mai gidanka, ya iya gaisuwa. Yanzu na'ura za ta ɗauke masa rabin wannan wahala. Kuɗi kuma sun ƙara sauri: Orange Money da Wave da MTN a Kodebuwa, Nita da Amana a Nijar, ga tsarin biyan kuɗi nan take da babban bankin BCEAO ya ƙaddamar a ƙarshen watan Satumban 2025 domin ƙasashen sefa. Saurin nan daɗi ne ga mai gaskiya, amma kuɗin da suka fita cikin daƙiƙa ba sa dawowa cikin daƙiƙa.

Kwanakin baya a shirinmu na kasuwa wani mai sauraro ya bugo yana ba da labarin saƙon murya da ya samu da sunan mai gidansa na Abijan, cewa lambar da aka saba tura kuɗi ta samu matsala, a tura ta wata sabuwa. Ya ce murya dai kamar tasa. Abin da ya cece shi shi ne ya kira ƙanen mai gidan a kan wata maganar daban, a nan ya ji cewa babu wata lamba da aka canza. Ko na'ura ce ta yi muryar ko wani gwanin kwaikwayo ne, darasin ɗaya ne, kuma abin da ya tsare dukiyarsa sanin ƙanen ne.

Gwamnatoci sun fara motsi, amma a hankali. Ƙasar Sin ta wajabta sa alama a kan duk hoto ko murya ko bidiyon da na'ura ta ƙirƙira daga ranar 1 ga Satumban 2025. Kodebuwa ta gabatar da tsarinta na ƙasa kan ƙirƙirarriyar basira a watan Maris na 2025. Sai dai ɓarawo ba ya sa alama, kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a watan Janairun 2025 ba ta sauƙaƙa bin sawun mai laifi daga wata ƙasa zuwa wata ba. Don haka a nawa ganin aikin ya koma kan ƙungiyoyin 'yan kasuwa da sarakunan Hausawa na zango. Su ne za su iya ajiye rajistar lambobin masu gida da dillalan da aka sani a Adjamé da Treichville da Anyama, ta yadda mutumin Jibiya zai tambaya a ofishin ƙungiyarsa kafin ya tura kuɗi. Su ne za su iya kafa ƙa'ida cewa duk shagon da ya sa na'ura ta yi magana da sunansa, maganarta tasa ce, kuma a gaban shugabannin kasuwa za a warware, kamar yadda ake yi wa yaron shago idan ya yi kuskuren farashi.

Kafin a kai ga haka, abin da ke hannun kowane Alhaji ba shi da tsada. Duk saƙon da ya ce an canza lambar karɓar kuɗi, a kashe a kira tsohuwar lamba, a kuma kira mutum na biyu a gidan. A yi wata kalma tsakaninka da mai gidanka wadda ba a taɓa faɗinta a waya ba, sai baki da baki. Idan ana haska maka kaya, ka sa yaron ya fita ƙofar shago ya gaisa da maƙwabci da ka sani, ya buɗe dilar da kai ka zaɓa ba wadda ke sama ba, ya rubuta ranar da sunanka a jikin kwalin kana kallo. Farashi kuma a rubuta shi da lamba, a sa sefa ko naira a gabansa.